Inna Ta Rame, Gida Ya Rabu Uku Kan Maganinta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Mahaifiyarmu ce ba lafiya, Inna muke ce mata, shekarunta 67. Wata uku da suka wuce aka ɗebi tsoka a asibitin koyarwa na Shika aka ce sankarar mama ce, likita ya ce za a yi kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin daji, kashi-kashi sannan ai mata aiki. An yi na farko ta sha wuya sosai, amai, baki duk ya fashe, ko ruwa da ƙyar take haɗiya. Tun daga nan gida ya rikice. Kawu ƙaninta ya ce daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, a bar asibiti a kama na gida, ya kawo sassaƙe da wani na shafawa. Yayanmu na Abuja kuma bidiyo yake ta turowa a WhatsApp wai suga ne abincin daji, ya ce kar a ƙara ba ta tuwo da shinkafa da madara da nama, sai ganye da ruwan alkalin, har ya aiko da wasu kafso masu tsada. Maƙwabta kuma ga ganyen shawashop, ga nonon raƙumi da fitsarinsa. Ranar kemo na biyu ta wuce da sati biyu ba mu je ba. Anti ni ce ke mata girki, zaninta yanzu har rara yake yi in ta ɗaura, wuyanta duk ya fito. Wane abinci ne ko wane ganye ne na gaskiya da zan ba ta ya kashe ciwon nan?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Inna lafiya Ya sa kaffara ne, ke kuma Allah Ya ba ki ladan jinya, dan jinyar uwa ba ƙaramin aiki ba ne, balle ke ce a madafa ke ce a bakin gado ke ce kuma kowa ke ba umarni ta waya.

Bara in fara da amsar da ba za ta miki daɗi ba sai mu wuce wajen: babu wani abinci ko ganye da aka tabbatar yana kashe sankara a jikin mutum, babu shi, da akwai wallahi da ni zan fara rubuto miki sunansa. Amma kar ki ce toh shikenan girkina ba shi da amfani, yana da shi, babba ma, sai dai ba wanda ake gaya miki ba ne. A saƙonki gaba ɗaya abu biyu ne suka tsaya mun a rai, ba ganyen ba, ba kafson ba. Zanin nan da ke rara, da sati biyun nan da suka wuce. Ki samu babban da ake jin maganarsa a gidan, cikin satin nan ku ɗauki katinta ku koma Shika, kar ki ji kunyar wai za su yi faɗa dan kun makara, ko sun yi faɗan na minti biyu ne, ciwon kuwa ba ya jiran a gama taron dangi.

Maganar Kawu na santa, kowa ma ya santa, da ita muka tashi: daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura sai ya fusata ya bazu. Kuma Kawu ba ƙarya ya ƙirƙira ba, abin da idonsa ya gani ne yake faɗa, ya ga an kai wance asibiti an yi aiki, bayan wata biyu an yi zaman makoki. Abin da bai lissafa ba shi ne watannin da suka wuce kafin a kai ta. Mace za ta ji ƙullutu a nono ta yi shiru dan kunya, ko mijinta ba ta gaya wa ba, sai an jima ta gaya wa ƙawa, a fara jiƙe-jiƙe da shafe-shafe shekara guda, sai ya fashe yana ruwa yana wari sannan a nemo mota, lokacin ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi. Ta rasu, sai a ce allura ce. Ƙiyasin hukumar binciken daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma suka rasu da ita, kusan rabi kenan. A ƙasashen masu arziki kuwa mata 9 cikin 10 suna nan da ransu shekara 5 bayan gano ciwon, kuma da me ake musu magani? Da wuƙar nan da allurar nan da Kawu ke tsoro. Bambancin su suna zuwa da wuri kuma suna ƙarasa maganin.

Akwai wani bincike da likitocin jami'ar Yale ta Amurka suka fitar a 2017, sun bi mutum 281 masu daji wanda bai riga ya bazu ba waɗanda suka ƙi na asibiti suka zaɓi ganyayyaki da abinci na musamman kaɗai, suka gwada su da mutum 560 da suka karɓi na asibiti. Haɗarin mutuwa a wajen waɗanda suka ƙi ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa irin ta Inna ya haura sau biyar. Kuma waɗannan fa ba talakawa ba ne, da yawansu masu ilimi ne masu abin hannu.

Kar ki je ki karanta wa Kawu lambobin nan kamar mai wa'azi, ba zai ji ba, kuma ba ladabi ba ne, 'yar'uwarsa ce tun kafin a haife ki, tsoro ne ke cinsa kamar yadda yake cin ki. Ki roƙe shi arziki ya raka ku ranar ganin likita, ki ce Kawu mu yara ne ba mu iya tambaya ba, kai ne babba. Ya zauna ya yi tambayarsa da bakinsa. In kuma hira ta yi daɗi ki gaya masa wani abu da nake ganin zai burge shi: cikin manyan allurorin kemo da ake yi wa masu sankarar mama akwai paclitaxel, asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a Amurka, wato shi ma sassaƙe ne, a allurorin wasu nau'o'in dajin kuma akwai vincristine da aka ciro daga wani fure na ƙasar Madagaska. Likitoci ba gaba suke da itatuwa ba. Abin da ya raba nasu da na cikin ledar Kawu shi ne an tace, an auna, an gwada a kan dubban mutane an san nawa ke magani nawa ke kisa. Na cikin leda kuwa ko mai haɗa shi bai san ƙarfin jiƙon yau da na jiya ɗaya ba ne ko a'a.

Na shafawan kuma dan girman Allah a ajiye shi yau ɗin nan. Kar a shafa komai a wajen, kar a yi sakiya, kar a yi tsaga, kar a kafa ƙaho. Irin waɗannan masu cin fata ne ke mai da ƙullutu gyambo, gyambon ya ɗau ƙwayoyin cuta, sai aikin da za a yi cikin sauƙi ya gagara.

Yanzu Yaya na Abuja, wanda shi ne ma ya fi ba ni tsoro dan nasa ya zo da Turanci da bidiyo mai kyau. Maganar suga tana da asali, wani Bajamushe ne Otto Warburg, wanda ya ci kyautar Nobel a 1931, ya lura ƙwayoyin daji suna zuƙar suga fiye da sauran ƙwayoyin jiki. Wannan gaskiya ne. Inda masu bidiyo suka yi tsalle suka dira a rami shi ne da suka ce toh a hana majinyaci tuwo daji zai mutu da yunwa. Ƙwaƙwalwar Inna da suga take aiki, jininta ma haka, jiki ba zai taɓa yarda sugan jini ya ƙare ba, in ba a ci ba sai hanta ta koma tana narkar da tsokar jikin mutum tana haɗa sugan da kanta. Kinga kenan dajin ya samu rabonsa ko ta halin ƙaƙa, wadda ta yi asara Inna ce, daga cinyarta da damtsenta ake yanka ana biya. Ramar da kike gani a zani da wuya, wani ɓangare ciwon ne, wani ɓangaren kuma dokar Yaya ce. Sai dai in Inna na da ciwon suga tun asali, wannan daban, nan kam likita ne zai tsara, musamman da yake cikin magungunan da ake haɗawa da kemo akwai masu ɗaga suga na 'yan kwanaki.

Ruwan alkalin kuwa dariya ma yake ba ni. Jinin mutum a tsaye yake tsakanin 7.35 da 7.45 a ma'aunin tsami, huhu da ƙoda ne ke gadin wannan dare da rana, ruwan gora ba ya gusar da shi, yana isa ciki ma tsamin ciki ya gama da shi. In da alkalin na maganin daji ai da mu Hausawa ba mu san shi ba, mu da muke shan kunun kanwa tun daga ɗakin jego, kanwa kuwa ita ma alkalin ce, kishiyar tsami. Kuma kar wani ya ji haka ya ce bari a ɗura mata kanwa, yawanta na wahalar da ƙoda. Ki gaya wa Yaya, tunda na san da iPhone yake turo bidiyon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin wayar tasa, Steve Jobs, da aka gano masa daji a 2003 sai da ya yi wata 9 yana gwada abinci na musamman ya ƙi aiki, da duk dukiyarsa, ƙarshe dai asibitin ya koma aka yi aikin a 2004.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, na taɓa yi. Goggona, Allah Ya jiƙanta, mu ma haka wani ya zo ya ce a hana ta nama da maiƙo da duk wani abu mai daɗi, muka bi, muna ganin gata muke mata. Akwai wata la'asar da ta ce mun ita dai dambun nama take marmari ko ɗan kaɗan ne, na ce Goggo ki yi haƙuri sai kin warke. Ba ta sake tambaya ba. Shekaru sun wuce amma har yau in na ga dambun nama a biki sai na tuna, kuma hanin bai ƙara mata ko kwana ɗaya ba.

Toh ga aikinki na gaskiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kemo aiki ne mai nauyi, kafin kowane zagaye sai an ɗebi jininta an auna, in jini ya yi ƙasa ko jiki ya yi laushi sai a ɗage, in aka yi ta ɗagewa maganin ya rasa ƙarfinsa. Ke aikinki ki riƙe mata jiki har ta kai ƙarshen zagayen ta kuma iya ɗaukar aiki, ciwon aikin ya warke da wuri. Ki nemo sikeli, ko na kemis ɗin unguwa ne, ki auna ta sau ɗaya a sati, sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, ki rubuta a ɗan littafi. In mutum ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6, wato mai kilo 60 ya rasa kilo 3, likitoci na ɗaukar wannan da muhimmanci, kuma daga yadda kika kwatanta ina zargin Inna ta wuce nan. Ki nuna wa likita littafin, ki ce a haɗa ku da masu kula da abincin majinyata, akwai su a asibitin koyarwa, mutane ne kawai ba sa tambaya.

Abin da jikinta ya fi nema yanzu furotin ne, wato sinadarin gina jiki, da abinci mai ƙarfi. Lissafin da ake yi wa masu daji shi ne giram 1 zuwa 1.5 na furotin kan kowane kilo na nauyinsu a rana, in dai ƙoda lafiya lau. In Inna kilo 50 ce, giram 50 zuwa 75 kenan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa da haka, kinga in da ƙwai kaɗai za a dogara sai ta ci wajen goma a rana, wanda ba zai yiwu ba, shi ya sa ake rarraba shi cikin komai, a ɓoye shi ma in ta kama. Kuma Alhamdulillahi ba sai kin je wani babban kanti ba, duk abin da kike nema yana kasuwar Tudun Wada.

Fate ma kaɗai ya isa misali, duk tsiyar da Kanawa ke mana a kansa, ban san abincin jinya da ya kai shi ba: ruwa-ruwa ne, ba ya son tauna, kuma yana karɓar duk abin da aka zuba masa. Ki dama shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa da yawa, ki zuba wake da ya dahu ya yi luguf, ki daka busasshen kifi ki cire ƙaya ki barbaɗa, ko ki fasa ƙwai a ciki yana tafasa, ki sa zogale ko alayyahu. Yakuwa da rama dai ki rage su kwanakin da bakinta ke ciwo dan tsami na yi wa gyambon baki zafi, haka yaji da lemon tsami da kunun tsamiya, a ɗan dakata da su har bakin ya warke. Kunun gyaɗa ki zuba masa madarar gari cokali biyu ko uku da zuma ko dabino da aka jiƙa aka markaɗa. Alala mai laushi da ƙwai a ciki. Tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa mai santsi da man shanu, santsin na taimakon haɗiya. Farfesun kaza ko kifi, naman a dafa shi har ya saki a murmushe shi cikin romon, kar a ba ta romo zalla a ce ta ci, romo ruwa ne. Awara ma ki ba ta, na san za a ce miki waken suya na ƙara sankarar mama, an bincika wannan a kan dubban mata, cin sa a matsayin abinci ba ya cutarwa. Ayaba, gwanda, kankana, dankalin Hausa, duk a ba ta. Gyaɗa da masara kawai ki tsince da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta canza kala ko take ɗaci ki zubar, akwai guba a cikinta da ake kira aflatoksin mai lalata hanta, wannan ma ga duk gidan ne ba Inna kaɗai ba.

Yadda ake bayarwa ya kusa fin abin da ake bayarwa. Kar ki cika kwano ki dire mata, ganin tulin abinci kaɗai na tayar da zuciyar mai kemo. Ƙaramin kwano, loma huɗu biyar, bayan awa biyu a sake, sau shida ko bakwai a rana. Yawanci da safe cin ya fi buɗewa, toh mai ƙarfin a ba ta da safe. Abinci mai tururi ƙamshinsa ya fi tashi, ki bari ya huce, in da hali ma a yi girkin nesa da ɗakinta, soye-soyen manja da albasa a yi can baya. Kar ta cika ciki da ruwa dab da cin abinci, ta dinga kurɓa tsakani. Shayin citta mara ƙarfi na ɗan kwantar da tashin zuciya. In ta ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake mata, ba shagwaɓa ba ce, maganin ne, ki canza mata cokalin roba ko ta ci da hannu. Bakin kuma ta dinga kuskurewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a rana, in kin ga fari-fari ya lulluɓe harshe ki gaya wa likita, akwai maganinsa. Kuma dan Allah ban da faɗa da ban da “Inna ki daure mana, ko so kike ki mutu ki bar mu”, ranar da ta kasa ta kasa, a gwada anjima.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe da hannu biyu. Bayan kowane kemo, musamman daga kwana 7 zuwa 14, sojojin jini na sauka ƙasa sosai, ƙwayar cutar da ke da ni za mu sha mu kwana lafiya ita tana iya kwantar da ita. A kwanakin nan komai a dafa shi ya dahu, ruwan sha a tafasa, ban da kwaɗon ɗanyen ganye na talla, ban da tsiren da ya yini a tire, ban da ɗumamen da ya kwana a waje, 'ya'yan itace a wanke a ɓare. Fura da nono in tana so ki dama mata da yogot na kamfani ko wanda kika haɗa da kanki da madarar da kika tafasa. Masu zuwa dubiya da mura ko tari su gaishe ta daga bakin ƙofa, in sun ji haushi su ji. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ba shi da tsada, in ya nuna 38 ko tana rawar sanyi, ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti a ce musu tana kan kemo, kar a ba ta farasitamol a ce a ga safiya.

Nan ne maganar raƙumi ta shigo. Ɗanyen nonon raƙumi da fitsarinsa na iya ɗauke da cutar da ake kira burusela mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, kuma WHO ta yi gargaɗi a kansu saboda cutar numfashi ta MERS. A Saudiyya ma, inda raƙuman suke, likitoci sun bi majinyata 20 masu daji da suka dage sai sun sha, aka wallafa a 2023: ba wanda ciwonsa ya ragu, biyu kuma suka kamu da buruselar. Ga mai sojojin jini a ƙasa wannan ba abin gwaji ba ne.

Habbatus sauda ba ki ambata ba amma na san tana gidan, wane gida ne babu. Hadisinta ingantacce ne, ba ni da ta cewa a kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ɗin dai shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, ya kuma umarce mu da neman magani, bai ce in an sha wannan a bar sauran ba. 'Yar kaɗan a abinci ko a zuma, ruwan zamzam, addu'a, tofi, sadaka, a ci gaba, su ke riƙe zuciyar majinyaci da ta masu jinya. Abin da nake tsoro shi ne a mai da man cokali-cokali safe da yamma a haɗa da sassaƙe a haɗa da kafso a haɗa da kemo, duka hanta ɗaya da ƙoda biyu na 'yar shekara 67 ne za su tace.

Shawashop ɗan itacen a sha, daɗi gare shi. Ganyen kuwa abin da ake yaɗawa a kansa daga gwajin cikin kwano ne a ɗakin bincike, kuma a cikin kwano ko bilic kika zuba zai kashe ƙwayar daji, ba a nuna yana warkar da mutum ba, sannan akwai wani sinadari a cikinsa da aka danganta da ciwon jijiya mai kama da na karkarwa a tsibirin Gwadalup inda ake yawan shan sa. In ba a kawo miki “bitamin B17” ba tukuna za a kawo, ba bitamin ba ne, daga ƙwallon wani ɗan itace ake yin sa kuma gubar da ke cikinsa ita ce ta rogo mai ɗaci da muka sani tana kashe mutane da dabbobi, an gwada shi a Amurka kan majinyata 178 aka wallafa a 1982, bai yi komai ba sai alamun guba a jikin wasu. Kafson bitamin ma da ake gani kamar ba ruwansu, a Finlan an ba masu shan taba sama da 29,000 gwaji, waɗanda suka sha kafson sinadarin da ke cikin karas sai dajin huhu ya ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100, aka fitar da sakamakon a 1994. Karas a miya daban, abin da aka tattara aka cusa a kafso daban. Haka kurkum, a girki lafiya lau, a kafso mai ƙarfi an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Lambar NAFDAC da ke jikin roba kuma ba shaidar yana warkarwa ba ce, ki duba jikin da yawansu za ki ga an rubuta da ƙananan baƙi cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Kallon kitse ake wa rogo, kuɗin nan da an sayi ƙwai da kifi da kuɗin mota zuwa Shika da sun fi amfani.

Abin da za ki yi mai sauƙi ne, ki samu leda babba ki kwashe komai, na Kawu da na Yaya da na maƙwabta har da wanda Inna ke ɓoyewa ƙarƙashin filo, ki kai gaban likita ko mai haɗa magani na asibitin ki zazzage, ki faɗi gaskiya wanne ta sha, tun yaushe, sau nawa. Ba dan a kunyata kowa ba, dan in gwajin hanta ya fito ba daidai ba su san daga ina ne, kuma wasu abubuwan kamar tafarnuwa mai yawa na tsinka jini, dole a dakatar da su kafin aiki.

In kun shiga kar ku yi ta “toh likita, toh likita” ku fito. Ki faɗa masa dalla-dalla wuyar da ta sha a na farko, kwana nawa tana amai, kwana nawa ba ta ci ba, dan akwai magungunan hana amai masu ƙarfi irin su ondansetron da ake shan su tun kafin aman ya fara, kuma likita na iya gyara yawan maganin daidai da shekarunta da nauyinta na yanzu, amma sai an gaya masa. Ki tambaya ko an yi wa tsokar da aka ɗiba gwajin da ke nuna irin sankarar, dan ba iri ɗaya ba ce, akwai wadda sinadarin jikin mace ke ciyar da ita, irin wannan akwai ƙwayoyi kamar tamoxifen ko letrozole da ake sha ɗaya a rana tsawon shekaru suna danne ta, ga dattijai wannan babban sauƙi ne. Ki tambaya kai tsaye: wannan maganin na neman warkewa ne ko na rage ciwo da ƙara kwana cikin sauƙi? Amsar na da nauyi amma da ita ake yanke shawara mai kyau. In tana jin zafi a faɗa, akwai magani har da mofin na ruwa, shan sa bisa ƙa'idar likita ba shaye-shaye ba ne. In kuma kuɗi ne asalin abin da ya sa aka ja baya, dan sau da yawa “a koma na gida” kunyar cewa babu ce, ku je ofishin walwalar majinyata ku tambayi asusun tallafin masu daji na gwamnatin tarayya, an fara shi a 2021 kuma Shika na cikin asibitoci shida na farko, sankarar mama na cikin waɗanda ya shafa. Ba na ce miki za a samu nan take ba, amma a cike takardar. Yaya kuma in yana son taimakawa ga inda kuɗin kafso zai tafi.

Sai abu ɗaya da na nema a saƙonki ban gani ba. Kin faɗa mun abin da Kawu ke so, da abin da Yaya ke so, da na maƙwabta. Inna fa? Ta ma san sunan ciwon ko ana ta ce mata ƙurji ne? Matar da ta haife ku ta aurar da ku ba yarinya ba ce, kuma yawancinsu sun sani sarai, shiru suke dan kar su tayar mana da hankali kamar yadda muke shiru dan kar mu tayar musu. Ki zaɓi lokacin da ɗaki ba kowa, bayan isha'i, kina matsa mata ƙafa, ki ce Inna ke me kike so a yi, me kike tsoro a asibitin nan. Wataƙila aman ne, wataƙila zubewar gashi ne, wataƙila cire nonon ne take jin nauyi ba ta da wanda za ta gaya wa, wataƙila kuma kuɗinku take tausayi. Kowanne da amsarsa, amma sai an ji daga bakinta.

Kafin nan dai, yau ɗin nan, ki leƙa ki tambaye ta me take marmari. In ta ce tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ki ɗora tukunya, in Yaya ya kira ki ce Anti ce ta sa ki. Ki gaishe mun da ita da jiki, bayan sati biyu ki rubuto mun abin da likita ya ce da abin da sikeli ya nuna.